Karatun da Ake Ta Ɗagawa Sai Bayan Sallah

A farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi suka yi ɓatan dabo, kasuwanninmu suka shiga halin da ba su saba gani ba. Mai tumatir da mahauci da mai shayi da dillalin awaki, kowa ya koma karɓar tiransifa, in ba haka ba ya kwana da kayansa. A makonnin nan ne wani asiri da aka daɗe ana rufawa ya tonu. Magidanta da yawa, masu jari da iyali da mutunci a unguwa, ba sa iya karanta saƙon banki da ya shigo wayarsu. Sai ka ga dattijo ya miƙa wa yaron shago waya yana cewa, "Kai yaro, duba mini, sun shigo kuwa?" Wani ya damƙa wa mai POS katinsa haɗe da lambar sirri. Wasu kuma aka nuna musu alat na bogi, aka loda kaya aka yi gaba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da wuya ka sami ɗaya a cikin mutanen nan da bai taɓa ɗaura niyyar koyon karatu ba. Zauna da su ka ji. "Wallahi ina son shiga makarantar dare." To, yaushe? Sai bayan azumi. Azumi ya wuce, sai bayan Babbar Sallah, yanzu kasuwa ta buɗe. An ci naman layya, sai an gama aikin gona. An yi girbi, ga bikin yarinya ya taso, sai an kai ta ɗakinta. An kai ta, sai an biya bashin kayan ɗaki. Kafin a gama biya an ga watan Rajab, an fara lissafin wani azumin. Kowane ɗaya daga cikin uzurorin nan gaskiya ne, shi ya sa mai shi ba ya jin yana yaudarar kansa. Bai yi wa kowa ƙarya ba, amma shekara goma ta shuɗe bai rubuta sunansa da hannunsa ba.

Kuma ba mai koyon baƙaƙen boko kaɗai nake nufi ba. Akwai saurayin da ya gama sakandare aka riƙe masa Turanci ko Lissafi, ya ce zai sake zama baɗi, yau ga shi da 'ya'ya uku yana tuƙa adaidaita sahu, takardar tana cikin akwati. Akwai matar da aka cire daga aji uku na ƙaramar sakandare aka yi mata aure da alkawarin za ta ci gaba, ta ce sai ta yaye na goye, kafin yaye wani cikin ya shiga. Akwai kuma alhajin da ke sahun farko a masallaci kullum, amma karatunsa bai wuce ƙananan surori ba, yana ta cewa in harkoki suka lafa zai nemi malami ya gyara masa. Dukansu ciwonsu ɗaya: suna jiran wata rana da za ta zo babu hidima, babu bashi, babu mara lafiya a gida.

An saba kiran wannan hali lalaci. Ban yarda ba. Mutumin da ke tashi tun kafin kiran sallar farko ya tarbi motar kaya a 'Yankaba, ko wanda ke wuni yana ɗora buhu a Dawanau, ko matar da ke tuyar ƙosai tun duku-duku sannan ta shirya yara makaranta, ba wanda zai kira su malalata ya yi adalci. Abin da ke riƙe su kunya ce. Namiji mai furfura a gemu ya zauna a bencin da jikansa ya tashi a kai da rana, ya buɗe baki ya ce "a, ba, ca", ya yi kuskure a gaban yaron da ke gaishe shi a durƙushe. Wannan hoton ne ke faɗo masa a rai duk lokacin da ya tuna makaranta, ransa ya ɓaci, sai ya ce "sai bayan Sallah", nan take ya ji sanyi. Sanyin nan shi ne tarkon. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayanin haka a wata maƙala da suka fitar a 2013, inda suka nuna cewa mai jinkirta aiki yawanci gudun ɓacin ran da aikin ke jawo masa yake yi, ya sayi sauƙin yau, ya bar wa kansa na gobe biyan kuɗin. Idan kuwa haka ne, ƙarin lokaci ba zai warkar da shi ba. Ka ba shi hutun wata shida, kunyar tana nan inda ya bar ta, ta ma ƙara kauri, domin wanda ya ji nauyin shiga aji yana da shekara talatin, nauyin da zai ji a arba'in da biyar ya fi.

Wayar hannu ma ta taimaka wajen ɓoye matsalar. Da saƙon murya na WhatsApp mutum zai yi ciniki daga Kano har Agadas bai rubuta harafi ɗaya ba, ya adana lambobin mutane da hotunansu, ya ga kamar ya tsira. Amma banki ba ya aiko saƙon murya. Takardar magani ba ta magana, haka takardar filin da ya saya, haka sakamakon jarrabawar ɗansa da yake karɓa ya jujjuya ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka," alhali bai san ko yaron na ɗaya ya zo ko na ƙarshe ba.

Mai jiran lokacin da ya dace yana ɗauka cewa abubuwa za su tsaya cak su jira shi. Wanda ya ce a 2022 zai sake zama jarrabawa idan kuɗi suka ɗan zauna, me ya tarar? A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota da na littafi da na abinci duk suka bi ta. Shekarar da ya raina, yana ganin ta yi tsanani, ita ce ta zama mai sauƙin. Jiki ma ba ya jira. Ido yana raguwa, hadda tana nauyi, 'ya'ya suna girma da buƙatunsu, iyaye suna tsufa su koma hannunka. Ban san wani magidanci da hidimarsa ta ragu daga shekara talatin zuwa hamsin ba.

Manomin gero a ƙasar Daura ko Damagaram ya fi mu fahimtar wannan. Ba ya zama sai ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu sharkaf sannan ya fara neman iri. Yakan yi binne, ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta nuna alamar komai ba, don ruwan farko ya tarar da shi a shirye. Ya san yana iya yin asara, ruwan ya yi ɗan yayyafi ya ɗauke, iri ya ruɓe, ya sake shuka. Ya kuma san damina gajera ce, wanda ya tsaya neman tabbas sai ta wuce shi.

Tarihinmu kansa bai goyi bayan masu jira ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tana ƙaramar yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da ƙaura da yunwa, a cikinsu ta yi karatunta. Da ta girma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda dattawan mata masu sanye da malfa, waɗanda ake kira jaji, ke takowa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta, su koma su koyar da matan da aure da goyo suka tsare a gida. Abin lura a tsarin nan shi ne, ba a ce wa mai goyo ta bari sai ta huta ba. An kai mata karatun har tsakar gidanta, tana daka tana haddacewa. A farkon shekarun 1950 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da yaƙi da jahilci, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da Hausa, manoma da maƙera da masaƙa suna zama a gindin bishiya da yamma bayan an taso daga aiki. Da yawa daga cikin kakanninmu da suka iya karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan suka koya, ba wutar lantarki, ba benci. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya kai har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Ajujuwan nan ba su mutu ba, ko da yake sun yi rauni a wurare da yawa. Ana yin su a makarantun firamare bayan yara sun tashi, ga kuma Islamiyyun dare da na matan aure a kusan kowace unguwa.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai daga Kenya ya fito. Da gwamnatin ƙasar ta mayar da karatun firamare kyauta a 2003, wani tsoho mai suna Kimani Maruge, wanda ya yi gwagwarmayar Mau Mau a zamanin Turawa, ya je wata firamare a Eldoret a Janairun 2004 ya ce a rubuta shi aji ɗaya. Shekarunsa 84. Ya sa gajeren wando irin na 'yan makaranta ya zauna cikin yaran da ya yi jika da su, burinsa ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, ya kuma iya lissafin kuɗinsa. A 2005 aka kai shi New York ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimi. Sashen labarin da ba a cika faɗa ba shi ne na rikicin bayan zaɓen 2007, lokacin da ya rasa matsuguni ya koma sansanin 'yan gudun hijira. Daga sansanin ya ci gaba da takawa zuwa makaranta. Ya rasu a 2009 bai gama firamare ba, kuma ban ga ta inda wannan ya rage darajar abin da ya yi ba: shekarunsa biyar na ƙarshe ya yi su yana karatu da idonsa. Ana yawan kawo misalin Obasanjo, wanda ya shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, bayan ya sauka daga mulki, har ya kammala digirin digirgir yana da shekara 80. Abin yabo ne, amma shi tsohon shugaban ƙasa ne, ba ya tunanin kuɗin cefane. Maruge ya fi kusa da mu.

A nan dole in yi adalci, domin akwai jinkirin da ba mai shi ya jawo ba. Mutumin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Zamfara, yana kwana a tashar mota da iyalinsa, ba za ka tsaya kansa kana masa wa'azin makarantar dare ba. Ɗaliban da yajin aikin malaman jami'a ya zaunar wata takwas a 2022 ba su suka zaɓi zaman ba. Matar da mijinta ya ce ba inda za ta, ba ta da laifin jinkiri. Hausawa da suka ce wani jinkirin alheri ne sun san abin da suke faɗa, kuma haƙuri da abin da ya fi ƙarfinka ibada ne. Damuwata da wanda ƙofa ke buɗe a gabansa, ajin yana bayan gidansa, malamin abokinsa ne, amma ya ari rigar haƙuri ya yafa wa tsoronsa, ya ce komai lokaci ne. Gaskiya ne komai lokaci ne. Sai dai malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma sun daɗe suna jan kunne kan dogon buri, wato mutum ya riƙa tsara rayuwa kamar an ba shi takardar cewa zai kai baɗi. Mutumin nan da ke cewa karatu sai Allah ya kawo lokaci, ba ya faɗin haka a kan cinikinsa. Da asuba yake fita nema.

Akwai hanyar da mutum zai gane ko jira yake na gaskiya ko gudu. Ya tambayi kansa: cikin abin nan da na ɗage, wane yanki ne zan iya yi yau kafin magariba? Wanda ya ce zai fara bayan Sallah, kuma yau ya je ya ga malamin, ya rubuta suna, ya sayi littafi da fensir, ya gaya wa matarsa da abokin cinikinsa, wannan shiri yake yi, Sallar za ta same shi a kan hanya. Wanda kuwa ya ce bayan Sallah, ka tambaye shi ina ajin yake, ƙarfe nawa ake shiga, nawa ake biya, ya ce zai bincika, to ba Sallah yake jira ba. Mai takardar sakandare da ta maƙale ya sani cewa WAEC da NECO duka suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu, tun 2018 ma WAEC ta ƙara wani zagaye a farkon shekara, jami'o'i da kwalejoji da yawa kuma suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Darasi ɗaya ko biyu ne ya tsare shi shekara da shekaru. Kuɗin rajista na iya fitowa daga kwasar adashi guda. Abin da zai yi yau shi ne ya buɗe akwatin nan, ya ciro takardar, ya dube ta da kyau, ya nemi tsofaffin tambayoyin darasin da ya faɗi.

Ba ma sai mun je nesa neman tsarin da ke aiki ba, muna da shi a zaurukanmu. Dubi yadda ake karatun littattafai a wurin malaman zaure. Tela ko ɗan kasuwa zai zo bayan sallar asuba da Ahalari ko Ishmawi a hannu, ya karanta layi uku ko huɗu, malam ya fassara, ya rufe littafi ya tafi shago. Minti goma sha biyar, wani lokaci ko hakan ba a kaiwa. Ba zangon karatu, ba ranar buɗewa, ba wanda ke tambayar shekarunka. A haka mutane suka sauke Iziyya da Risala suna riƙe da sana'arsu da iyalinsu. Sirrin abin a wurare uku yake: karatun kaɗan ne har ba ya ba da tsoro, an ɗaure shi a jikin abin da ba a fashinsa, wato sallah, sannan akwai mutumin da zai ce, "Malam, jiya ba mu gan ka ba, lafiya dai?" Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi suna kan binciken da ya nuna cewa wanda ya ƙayyade wa niyyarsa lokaci da wuri, ya ce idan kaza ya faru zan yi kaza, ya fi cika ta a kan wanda ya tsaya a "ina so in yi". Mai cewa "zan koyi karatu" buri ya faɗa. Mai cewa "in na sallame isha'i zan zauna da 'yata ta koya mini haruffa biyar" ya riga ya sa ƙafa. Wanda kuma ya yi makarantar allo, yana karanta ajami, ya daina kiran kansa jahili. Ya riga ya san cewa alama a takarda sauti take ɗauke da shi, kuma wannan ne mafi wuyar abin da mai koyo ke fara fahimta. Boko zai zo masa da sauri fiye da yadda yake zato.

Za a yi fashi, wannan ba makawa. Yaro zai yi zazzaɓi, za a yi rasuwa a dangi, kaya za su iso da daddare. Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan fashin, lokacin da mutum ya yi sati biyu bai je ba, ya ce an wuce shi, bari ya bari sai sabon zango ya faro da kyau. Tsohon ciwon ne ya dawo da sabuwar riga. Wanda ya yi fashin sati biyu ya koma ranar da ya samu dama, ko Laraba ce, ko saura kwana uku a yi hutu, ya zauna a baya ya ce malam ya maimaita masa. Malaman ajin manya su ma su sassauta. Dattijon da ya danne kunyarsa ya dawo, aka tarbe shi da "sai yau?" a gaban jama'a, ba zai sake dawowa ba.

Maganata ta ƙarshe ga waɗanda makullin wasu ke hannunsu ce, domin jinkirin wani a bakin wani yake. Maigidan da ke da yara biyar a shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, yaron da ya ce masa, "Alhaji, ina son in riƙa zuwa makarantar yamma," kada ya ce masa bari kasuwa ta yi sanyi, don shi ma ya san ba ranar da zai ce ta yi. Ya sake shi ƙarfe huɗu, kwana uku a mako, sauran su riƙe shagon, baɗi wani ya karɓa. Yaron da ya iya rubuta bashi da karanta rasit shagon zai fara amfana kafin kowa. Mijin da ya yi wa surukansa alkawari a ranar ɗaurin aure cewa yarinya za ta ci gaba da karatu, alkawarin yana wuyansa, kuma ba a ce sai ta gama haihuwa ba. Islamiyyar matan aure ta Asabar da Lahadi awa biyu ce ko uku. Ya riƙe yaran da kansa a awannin nan, ko ya kai su wurin kakarsu, ya ba ta kuɗin mota da na littafi a wannan Asabar ɗin.